Kada Ruwan Ya Yi Kore

Bethlehem, Afirka ta Kudu, 14 ga Mayu, 2001

Puseletso 'yata,

Gaisuwa mai yawa daga ni mahaifiyarki. Ina fata kun koma Leeds lafiya, ke da jikata Dimpho, kuma aikin asibiti bai cinye ki ba. Ni dai ina nan. Gwiwa tana ƙorafinta kamar kullum, tari kuwa ɗan kaɗan ne. Kada ki ƙara ɓata kuɗinki a waya. Kunnen nan ya tafi, ke kina ihu daga Ingila, ni ina ihu daga falo, a ƙarshe ba wadda ta ji wata. Ki riƙa rubutowa, idona ya fi kunnena.

Masu zaman makoki duk sun watse. Ƙanwata Matumelo ce ta ƙarshe, ta koma Qwaqwa bayan ta wanke min kowace tukunya sau biyu, sai ka ce ni ƙazama ce. Yanzu daga ni sai baƙaƙen kayan takaba da bargona, sai kuma tafkin ninƙayar mahaifinki a bayan gida.

A kansa nake son mu yi magana. Kin tuna shekarar da muka fara jefa ƙuri'a, muka sayi gidan nan, mu ne baƙaƙen fata na farko a layin. Ranar da muke sauke kaya, tsoho Kritzinger, Baturen gidan kusa, ya jingina da shinge yana ce wa matarsa, da ƙarfi don mu ji, “Bar su kawai. Kafin shekara ta zagayo ruwan nan ya zama gidan kwaɗi.” Mahaifinki yana riƙe da ƙafar gado, ya wuce ciki abinsa. Sai da muka rufe ƙofa ya ce min, “Mapuseletso, ko za mu kwana da yunwa, ruwan nan ba zai yi kore ba.” Mutumin da ko iyo bai iya ba! Iyakarsa ya naɗe ƙafar wando ya zauna a kan matakala yana karanta jarida, shugaban makaranta guda.

A asibiti, dab da ƙarshe, ya sake tayar da maganar. Na zaci zancen gida zai yi min, ko na coci. Sai ya ce, “Sanyi yana tafe. Ki riƙe min ruwan nan har Disamba, in zafi ya dawo. Dimpho ta ce za ta nuna min iyon da ta koya a makarantar Turawa.” Na ce to. Shi ba zai gani ba, amma ni na riga na amsa.

Ban taɓa kai hannu ga injin da ke juya ruwan ba yana da rai, sai dai ta tagar kicin na ga komai. Yanzu itatuwan Kritzinger suna zubar da ganye, rabi a gidansa rabi a ruwanmu, ina kwashewa da ragar nan mai dogon sanda. Na rage maganin ruwa zuwa rabi, yadda yake yi in sanyi ya shigo. Na zuba yashi a tsofaffin robobin lemo na sake su a ciki, don in ƙanƙara ta kama ta matse su, kada ta matse bango. Injin kuma na lulluɓe shi da bargon nan mai ruwan toka da kika ce a yar.

Ki ce wa Dimpho kakarta tana ajiye mata ruwa garau, har ƙasansa ana gani.

Mahaifiyarki,
Mapuseletso


Leeds, 2 ga Yuni, 2001

Mme,

Mahaifiyata, ina gaida ki da kyau. Mun isa lafiya. Dimpho ta ɗan yi mura amma ta warke, ta koma makaranta. Ni aikin dare aka sa ni wannan watan, tsofaffi ne a ɗakin, wasu ba mai zuwa duba su.

Na karanta wasiƙarki a motar haya, na yi dariya, na kuma yi hawaye har wata mata ta miƙo min hankici. Amma Mme, na juya takardar gaba da baya ban ga inda kika ce kin ci abinci ba. Inji ya sami bargo, robobi sun sami yashi. Ke fa? Kuma tarin nan da kika ce ɗan kaɗan ne, na san ɗan kaɗan ɗinki. Haka kika ce lokacin da kika ƙone hannu da man suya.

Ban manta sanyin garinmu ba. Na tuna famfo yana daskarewa, mu jira rana ta ɗaga kafin mu wanke fuska. Ntate, mahaifina, namiji ne mai ƙarfi, shi ma yakan shigo hannuwansa sun yi tauri, sai kin zuba masa ruwan ɗumi. Ke kin haura sittin, ga gwiwa. In kika zame a bakin tafkin nan da asuba, wa zai ji ki? Kritzinger? Mutumin da ya yi mana fatan kwaɗi bai cancanci ki yi tari ko sau ɗaya dominsa ba. In ruwan ya yi kore, ya yi ta yi. A ganina ma a zubar da shi gaba ɗaya, in Disamba ta zo mu cika sabo. Dimpho ba za ta san bambanci ba.

Ki tafi wurin Inna Matumelo ki yi sanyin nan a can. Gidan nan ya yi miki girma ke kaɗai, Mme, ba na barci in na tuna.

Na aiko miki da safar hannu ta roba mai gashi a ciki. Ki sa, don Allah.

'Yarki,
Puseletso


Bethlehem, 24 ga Yuni, 2001

Puseletso,

Na gode da gaisuwa, na gode da safa. Ina lafiya. Na ci tuwon masara da ganye jiya, na ci yau, ki rubuta a littafinku na asibiti.

Gidan ya yi min girma, ko? Haka ɗan ƙawata Mme Radebe ya fara rubuto wa uwarsa daga Landan. Yau tana wani ɗaki a bayan gidan surukarta, gidanta kuma an mai da shi wurin gyaran gashi. In sayar da gida kike nufi, ki fito fili ki faɗa, ba sai kin bi ta bayan gwiwata ba. Ƙasar kabarin mahaifinki ko kwantawa ba ta yi ba. Na karanta layin nan naki, na kasa cin abincin rana.

Kuma ba don Kritzinger nake yi ba. Da farko dominsa ne, ban musa ba. Yanzu don wanda na ce wa to ne.

Sanyi ya zauna sosai. Duwatsun can na wajen Lesotho sun yi fari fat. Da asuba raɓa takan daskare a kan ciyawa, in na taka sai ta riƙa ƙaras-ƙaras. A lokacin nake fita in kunna inji, domin ruwan da ke tafiya ba ya daskarewa a bututu, wanda ya tsaya ne yake fasa shi. Wannan aikin asuba shi ne dukan dabarar, in aka yi sakaci sau ɗaya an gama. Ran Talata na tarar ƙanƙara ta rufe fuskar ruwan, na farfasa ta da sandar raga. Kwandon da ke tare ganye ya maƙale, safarki ta hana ni kama shi, sai na cire ta na zura hannu haka nan. Na ɗan jima ban ji yatsuna ba, amma sun dawo.

Matan zumuntar coci sun zo min ran Alhamis. Mme Radebe ta leƙa baya ta ga raga da bokiti, ta ce, “Mapuseletso, takaba kike yi ko kwangila kika samu?” Na ce mata duka biyun ne, mai kwangilar ne dai ya tafi bai biya ba. Suka yi dariya, daga baya muka yi addu'a.

Shi kuwa tsoho Kritzinger, tun da matarsa ta rasu bara ba shi da aiki sai tsayuwa a shinge da kofin kofi. Shekaranjiya ya ce min, da lakabin girmamawa na yarensu, “Mevrou, ruwanki ya yi ƙasa, iska tana shanye shi. Ki ƙara.” Na ce, “Meneer, ranka ya daɗe, ganyenka ne ya sha shi.” Ya tafi yana guna-guni. Da ya shige na jawo tiyo na ƙara, don gaskiyarsa ce.

Ba zan je Qwaqwa ba. Kada ki sake tayar min da maganar.

Mahaifiyarki


Leeds, 13 ga Yuli, 2001

Mme,

Ina gaida ki, ina kuma neman gafara. Wallahi sayar da gida bai taɓa zuwa raina ba. Tsoro ne kawai ya sa na rubuta haka. A nan kullum ina wanke iyayen wasu, tawa tana can tana fasa ƙanƙara da hannu. Shi ne abin da ke cin raina.

Na buga waya har sau nawa ba a ɗauka ba. Na san kin ce kada in buga, amma ko ihun ne ina so in ji. In fushi kike yi, ki rubuto ki zage ni, zan karɓa. Dimpho ta yi miki zanen tafkin, ta sa ki a ciki da bargonki, na ce mata kaka ba ta shiga ruwa, ta ce za ta koya miki.

'Yarki mai laifi,
Puseletso


Asibiti, Bethlehem, 6 ga Agusta, 2001

'Yata,

Kada ki firgita da ganin inda nake rubutowa. Sanyi ne ya sauka min a huhu. Likita ya ce na wuce wurin haɗari, sai dai numfashi har yanzu da ƙyar, rubutun ma kin gan shi a karkace. Ba fushi nake yi ba. Wasiƙarki tana ƙarƙashin matashina. Ni ma na yi miki zafin baki, ki yafe.

Kritzinger ne ya same ni. Ya ce gari ya waye bai ji ƙarar inji ba, ya san ba lafiya ba. Ya haura shinge, tsoho da shi, ya tarar da ni a ƙasan kicin. In an sallame ni Matumelo za ta tafi da ni Qwaqwa. Kin ci nasara.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Na san halinki, za ki nemi yi min gata daga nesa. Kin taɓa cewa a zubar da ruwan, haushin maganar gida ya sa ban ba ki amsa ba. Kada a zubar da shi, Puseletso. Tafkin nan ba ginin siminti ba ne. Kwano guda ne na roba mai tauri da aka binne a ƙasa, ƙasarmu kuma yumɓu ce. Nauyin ruwan ne yake danne shi. In babu ruwa a ciki, damina ta sauka, ƙasa ta sha ta kumbura, sai ta turo shi sama. Gara ya yi kore, gara kwaɗi su yi aure a ciki, ana gyara wannan da magani. Wancan ba a gyarawa.

Kritzinger ne ya gaya wa mahaifinki haka tun sanyinmu na farko a gidan. Ban taɓa ba ki labari ba, don ni kaina ban yafe masa ba. Amma su biyun nan sun shekara da shekaru suna tsayawa a shinge suna zancen inji da magani. Ba su taɓa shiga gidan juna ba, ba su taɓa zancen wani abu ba sai ruwa. Ranar jana'iza ya tsaya a ƙofarsa da hula a hannu har motoci suka wuce.

Na bar masa ƙofar baya a buɗe, ya ce zai riƙa kunna injin. Ki bar komai yadda yake. Zan ba Matumelo wannan ta jefa a gidan waya.

Mahaifiyarki


Leeds, 15 ga Agusta, 2001

Mme tawa,

Sannu, sannu, sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Inna Matumelo ta bugo min, ta ce kina cin abinci, kina kuma yi wa ma'aikatan jinya faɗa a kan yadda suke gyara gado, na san kin fara dawowa. Na nemi hutu an hana ni sai Disamba. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito. Ban sami wasiƙa daga gare ki ba, na san hannu ba ƙarfi, kada ki damu.

Ga labari mai daɗi. Na sauke miki nauyin nan. Na yi waya da Sello ɗan Inna, na ce in ya sami sarari daga tuƙin motar haya ya je gidan. Ran Asabar ya je, ya juya injin ya zubar da ruwan kaf a lambatu, ya share ƙasan tas, ya kashe wuta, ya sa kwaɗo a ƙofar baya. Babu ruwa, babu kore, babu fitar asuba. Alkawarinki yana nan, a Disamba ni da kaina zan riƙe tiyo.

Kin san me? Yana cikin aikin sai ga Kritzinger a shinge yana ɗaga hannu yana ihu, “Tsaya, yaro! Kashe injin nan! Wa ya sa ka?” Sello ya ce masa, “Wa kake kira yaro? Zamanin da kuke ba mu umarni ya wuce, tsoho. Gidan innata ne.” Wai ya ci gaba da surutu yana nuna ƙasa, har ya ce shi ke da izinin shiga. Sello ya ce in ya ƙara sa ƙafa a gidan zai kira masa 'yan sanda. Na yi dariya har Dimpho ta tambaye ni lafiya. Da Ntate yana nan da ya ji daɗi.

Ki huta, Mme. Ki sha kunun dawar Inna, ki yi ƙiba kafin mu zo.

'Yarki,
Puseletso


Leeds, 11 ga Satumba, 2001

Mme,

Ina fata jiki da sauƙi. Ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Yau wasiƙarki ta asibiti ta iso. Inna ta ce ta manta da ita a jakar cocinta, sai kwanan nan ta gani. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa. Wayyo Mme, me na yi?

Na samu Sello da ƙyar. An mai da shi hanyar Durban, makullin kwaɗon yana aljihunsa. Ya ce ƙarshen wata zai je ya cika. Na roƙe shi, ya ce, “Haba Puse, rami ne fa, ina zai je?” Ba ni da lambar Kritzinger. Na ɗauki takarda in rubuta masa, na rasa da wane ido zan fara.

An ce ba a fara ruwa ba tukuna. Kowace safiya sai na buga wa Inna in tambaye ta yadda sama take. Ki ce wani abu, Mme.

Puseletso


Bethlehem, 20 ga Oktoba, 2001

Puseletso 'yata,

Ina gaida ki, ina gaida Dimpho. Jiki ya yi sauƙi, tarin ya tafi, ina hawa matakalar coci ba mai riƙe ni. Na dawo gida makon jiya. Na daɗe ban rubuto ba don ina so in gani da idona kafin in faɗa miki.

Ruwan sama ya riga Sello zuwa. Ya sauka a ƙarshen Satumba, irin mai kwana yana zuba. Kritzinger ya ce yana shan kofi ya ji ƙara kamar an harba bindiga. Gefen mai zurfi ya taso sama ya wuce gwiwata, ya ɗaga duwatsun daɓe, bututu duk sun tsinke. Ƙasansa ya tsage daga wannan kai zuwa wancan, laka ta shigo. Matakalar da mahaifinki yake zama ta karkace tana kallon sama. Mai gyara ya zo, ya zagaya, ya sosa ƙeya, ya ce, “Mme, sai dai a farfasa a cike da ƙasa.” Na ce su zo bayan Kirsimeti.

Tsohon ya zo shinge da na dawo. Ya rame. Ya ce, “Mevrou, tiyona yana kaiwa. Da na jefa ta saman shinge da ya cika. Amma yaron ya ce 'yan sanda, ni kuma na ji tsoro. Na tsaya ina kallon hadari yana haɗuwa.” Na ce ya zagayo ta ƙofa ya sha shayi. Ya ce wata rana.

Ki daina cewa me kika yi. Ruwa kika zubar don ki ajiye uwarki. Ni ce na ba ki labarin zagin mutumin, ban ba ki sauran ba. Sello ma kada ki yi masa faɗa, an kira ubansa yaro har ya yi furfura. Ki gaya wa Dimpho gaskiya tun yanzu, kada ta sauko daga mota da kayan wankanta a hannu.

Abin da nake so in faɗa miki daban ne. Ranar da aka binne mahaifinki ban yi kuka ba, har mata suka yi ta kallona. Washegari na tashi na kwashe ganye. Duk tsawon sanyin nan, in na fita da asuba na durƙusa gaban injin, ji nake kamar aike ya ba ni, zai dawo ya duba ya ce na cika magani. Ina yi ina masa faɗa a raina, yana ba ni amsa. Ashe da wannan nake tsaye.

Har yanzu ina farkawa a lokacin. Ran Litinin na yafa bargo, na sa takalmi, na buɗe ƙofar baya, sai na ga ba abin da zan kunna. Na zauna a bakin ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun Afrilu, har rana ta fito. A wurina, 'yata, a makon nan ne mahaifinki ya mutu.

Ban riƙe masa ruwan ba. Amma ku zo. In za su ba ki hutun kafin Disamba, ki karɓa. Gidan ya yi min girma.

Mahaifiyarki,
Mapuseletso